Wahalar da muka sha kafin mu sayi tirelar kwana mai gadajen yara

Tun bara Maman Amira take min mitar maganar nan, wai duk hutun makaranta sai dai mu zauna a gida muna kallon juna, yara suna fama da waya, ni kuma ina kan hanya daga Dallas zuwa Oklahoma zuwa inda Allah ya kai ni. Gaskiya take faɗa. Mu shida ne, ni da ita da yara huɗu, in mun tashi tafiya otal ɗaki biyu zamu kama, ga cin abinci a waje kullum ana tambaya wannan da naman alade ne ko babu, kwana uku aljihu ya yi fayau. Shine muka fara tunanin irin tirelar nan da Amurkawa ke ja da a-kori-kura suna kwana a ciki, mai ɗaki da falo da kicin da banɗaki.

Wadda muka nufa ita ce suke ce ma fifwil, wato taya ta biyar in an fassara, amma fa babu wata taya ta biyar a jikinta. Wani faranti ne na ƙarfe mai kama da kofaton doki da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura daidai saman tayoyin baya, hancin tirelar ya hau kai ya maƙale da wani ƙusa mai kauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mararrabar Jos ko Tafa ya ga yadda kan tirela ke haɗuwa da bodinta to ya gane abin da nake nufi, shine dai aka ƙanƙanta. Ni da nake tuƙa babbar mota shekara tara sai naji abin ya kwanta min, domin wadda ake ɗaurawa a bamba tana wutsil-wutsil in iska ta taso ko wata babbar mota ta wuce ka, wannan kuwa nauyinta a kan tayoyin baya yake zaune.

To wannan sanin da nake taƙama dashi ne ya kusa kai ni ya baro.

Ranar wata Asabar muka kwashi yara muka je wajen wani dila, bazan faɗi sunansa ba. Ya shigar damu wata ƙatuwa mai tsawon ƙafa 42, wallahi falonta ya fi na gidan da na fara haya a ƙasar nan, ga firij irin na gida, ga teburin girki a tsakiyar kicin, ga wani ɗan ɗaki a tsakiya mai ƙofa sannan a samansa akwai wani ɗan bene da ake hawa da tsani. Kafin kace kwabo su Khalifa sun haye sun raba waje. Maman Amira ta kalle ni tace "Baban Amira ai shikenan mun samu, 'yan mata a ɗakin ƙasa maza a sama." Dilan ya leƙa waje ya ga motata, a-kori-kura ƙirar Ford F-250, yace ai wannan zata ja ta ko gezau, ya fara lissafa min bashin shekara 15 wai kowane wata ɗan kaɗan zan dinga biya.

Abu biyu suka hana ni sa hannu ranar. Na farko maganar ruwan da ke kan bashin, wannan dama tun a gida mun gama magana bazamu shiga ba, abin shaƙatawa ne ba lalura ba. Na biyu kuma da muka fito na buɗe ƙofar direba zan shiga sai idona ya faɗa kan 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa. Kusan kowace mota a nan tana da ita, ita ke faɗa maka iya nauyin da motar zata ɗauka, mutane da kaya duka. Tawa fam 3,180 aka rubuta. Fam na nauyi nake nufi, wanda iyayenmu ke cewa laba, biyu da ɗan ɗoriya ne kilo ɗaya.

Anan ne mutane da yawa ke ruftawa, ana ta maganar nawa motar zata ja, ba a maganar nawa zata ɗauka. Fifwil tana ɗora wajen kashi 20 cikin ɗari na nauyinta a gadon bayan mota, wani lokaci ƙasa da haka wani lokaci har 25. Waccan ƙatuwar in an cika ta da kaya fam 16,000 ce, kenan wajen 3,200 zai sauka akan motata tun kafin ko Hanan 'yar shekara uku ta shiga ta zauna. Na zauna a mota na fito da waya na yi lissafi, mu shida wajen 750, farantin kansa wajen 200, kular abinci da ruwa da tarkacen yara a ce 100, abin da ya rage min kaɗan ya haura 2,100. Ma'ana tirelar da zan iya ɗauka hankali kwance kada ta wuce wajen fam 10,500 da kayanta. Ja kam motar zata ja, injin bazai ce komai ba, amma taya da birki da sifirin su zasu faɗa maka gaskiya a gangare, kuma ni na ga abin da obalodi ke yi a hanya da idona ba labari ba.

Na gaya ma Maman Amira, ranta bai so ba. Tace to a canza mota mana a sayi F-350 wadda ta fi ta ɗaukar nauyi. Nace da wane kuɗin ranki ya daɗe. Kuma ma samun a-kori-kura mai cin mutum shida ba ƙaramin aiki bane, sai mai doguwar kujera a gaba, yawancinsu biyar suke ci, tawa da ƙyar na same ta. Sati guda ana min fuskar shanu a gida.

Da ƙura ta lafa sai muka zauna muka yi abin da ya kamata mu fara yi tun farko, wato maganar kwanan yaran. Amira shekararta 11, Khalifa 9, Sadik 6, sai auta. Duk mun san hadisin nan da ya ce a raba musu shimfiɗa in sun kai goma, kuma ko ba a faɗa ba yarinya ta fara girma tana son inda zata canza kaya ba tare da ƙannenta maza suna mata tsalle a ka ba. Dilolin nan zasu ce maka wannan tana kwanar da mutum goma, amma in ka bincika sai ka ga sun ƙirga teburin cin abinci da ake naɗewa ya zama gado, sun ƙirga kushin, sun ƙirga yara biyu-biyu a gado ɗaya. Mu gado huɗu daban-daban muke nema, da ƙofa ta gaske ba labule ba.

Tsarin gadajen kusan kala uku muka gani. Akwai mai ɗaki a tsakiya da ɗan bene irin waccan da ta tafi da hankalinmu, ita ce tafi dacewa da mai maza da mata amma kusan dukansu dogaye ne masu nauyi. Akwai wadda aka cusa gado mai hawa biyu a wani lungu kusa da banɗaki, wannan ta masu yara biyu ce. Sai mai ɗakin yara a can ƙarshen baya, ɗakin iyaye kuma a gaba a saman hancin, falo da kicin a tsakaninsu. Wannan ta ukun ita muka tsaya a kai, kuma duk magidanci ya san dalilin da yasa nisan nan tsakanin ɗakuna biyu yake da amfani ba sai na yi dogon bayani ba, bangon tirela bai fi kwali kauri ba sosai.

Shawarar da zan ba duk mai nema, ka cire takalmi ka hau gadon ka kwanta da kanka, kar ka ji kunya. Wasu gadajen basu kai ƙafa shida ba, yaro ɗan shekara tara yau zai shige amma nan da shekara huɗu ƙafarsa a waje zata kwana. Ka zauna ka ga ko kanka na bugun rufi. Akwai takarda a jikin gadon sama da ke faɗin iya nauyin da zai ɗauka, ka karanta. Ka duba ko akwai tagar tsira ta gaggawa a ɗakin yaran mai jan mariƙi, ka sa babban cikinsu ya buɗe ta a gabanka. Ka duba ko iskar esi tana kaiwa can, domin zafin Texas a watan Yuli ba wasa bane ko ga wanda ya tashi a Sakkwato, esi ɗaya baya riƙe doguwar tirela, biyu kuma sai mai layin wuta na amp 50 ba 30 ba. Sannan katifun da suke zuwa dasu, kai, tabarma ta fi su mutunci, ka sa kuɗin sabbi a lissafi.

Wani abu da Maman Amira ce ta gano shi ba ni ba. Tirelolin nan suna da ɓangarorin da ke zarowa waje in an yi fakin ɗaki ya ƙara faɗi, in za'a tafi a mayar dasu ciki. Tace ma wani mai sayarwa ya rufe su duka ta gani. Yana rufewa sai ga hanyar banɗaki ta toshe, firij ma baya buɗuwa. Tace to in muna hanya Sadik yace fitsari fa, ko lokacin sallah ya yi muna son alwala? Daga ranar duk wadda muka je gani sai an rufe mana tukunna.

Sabuwa dai ta fi ƙarfinmu tunda kuɗi hannu zamu biya, sai muka koma Facebook muna neman ta hannu. Kuma akwai su birjik, saboda lokacin korona mutane sun yi rububin saye, a 2021 kaɗai an fitar da wajen 600,000 daga masana'antu, yawanci daga yankin Elkhart na jihar Indiana inda cibiyar sana'ar take, yanzu da yawa sun gaji da biyan kuɗin ajiya suna neman kai da su. Sunayen da zaka ta gani su Keystone ne da Jayco da Grand Design da Forest River, amma kar suna ya ruɗe ka da yawa, Keystone da Jayco duk na kamfanin Thor ne, Grand Design na Winnebago. A ta hannu yadda mai ita ya riƙe ta yafi sunan da ke jikinta.

Babban abokin gabarta ruwa ne. Wata da muka je gani wajen Waco tsaf-tsaf a hoto, ina shiga ɗakin yara na taka ƙasan taga naji ya lotsa kamar burodi, ga wani wari-wari na rima da aka yi ƙoƙarin rufewa da turare. Ko rufin ban hau ba muka juya. Daga nan na koyi zuwa da tsani da tocila, in hau sama in bi duk inda aka liƙe, in buɗe kowace kabad in shinshina, in duba jikin bango daga gefe ko ya kumbura. Taya kuma kar ka kalli zanenta, ka nemi lambobi huɗun ƙarshe da ke gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, tayar tirela tsufa ke kashe ta ba tafiya ba.

Ta shida da muka gani ita muka ɗauka, a hannun wasu dattawa da jikokinsu suka girma. Ƙafa 35, gado huɗu a baya da ƙofa, esi biyu, da ɗan kicin na waje. Wannan kicin ɗin ni a da gani nake almubazzaranci ne, sai da aka soya manja da daddawa sau ɗaya a ciki ƙararrawar hayaƙi ta tashi unguwa guda, labule ya kwana uku yana ƙamshin miyar kuka, yanzu duk suya a waje ake yi. Bata da ɗakin 'yan mata daban, wannan mun rasa shi, sai Maman Amira ta ɗinka ma kowane gado labulensa, muka yi yarjejeniya in Khalifa ya ƙara girma falo zai koma. Da muka loda kaya na kai ta sikelin manyan motoci inda muke awo a wajen aiki, ta shiga lissafi amma da ɗan ragowa kaɗan, shi yasa bana cika tankin ruwa sai mun kusa isa, galan ɗaya fam takwas ne da ɗoriya. Motata gajeren bodi gare ta don haka sai da na sayi faranti mai zamewa baya, in ba haka ba kana shan kwana mai tsanani hancin tirelar zai fasa maka gilashin baya. Unguwarmu kuma basu yarda a ajiye irinta a ƙofar gida ba, wata-wata nake biyan wajen ajiya, wannan har yau yana min ciwo.

Tafiyar farko Palo Duro muka je, wani babban kwari da ake zuwa shaƙatawa kusa da garin Amarillo. Dama gandun shaƙatawa na Big Bend yaran suke so, amma hanyar hawa Chisos Basin da ke cikin duwatsunsa ba'a son tirelar da ta wuce ƙafa 20 a kanta, sai wani jiƙon. Gangaren shiga kwarin Palo Duro na sauke shi da ƙaramin giya ina ta salati a zuci, ina kuma tuna ƙatuwar can mai fam 16,000. Kwana biyu tankin banɗaki ya cika taf, domin wanda ya ƙera shi bai yi lissafin mutum shida masu buta ba, da asuba na fita da safar hannu ina jan tiyo wani Bature maƙwabcinmu yana ɗaga min kofin kofi.

Daren farko kuwa rigima aka yi akan gadon sama, Sadik yayi ta kuka sai shi, aka bar masa, ƙarfe biyun dare naji ana ƙwanƙwasa mana ƙofa wai tsoro yake ji rufin ya yi kusa da fuskarsa. Yanzu shi ke ƙasa kusa da Hanan, Khalifa da Amira a sama kowa da ɓangarensa, ita har ta liƙa takarda a labulenta wai a yi sallama kafin a ɗaga.