Shekara Tara Ba Ta Isa Ba

A layinmu na Tudun Wada a Zariya akwai wata yarinya da ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare bara, yanzu kuwa kullum da safe nakan gan ta a bakin zaure tana suyar awara, sa'o'inta suna wucewa sanye da kayan makaranta. Da na tuntuɓi mahaifinta, wanda baduku ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, ba ƙin boko nake yi ba. Kuɗin littattafai da na mota da na jarrabawar WAEC ne suka fi ƙarfina, ga ƙannenta huɗu a baya."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a idon doka babu wanda ya tauye wa yarinyar nan haƙƙi. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta ilimi kyauta na shekara tara ne kawai, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, daga nan sai ta janye hannu, daidai lokacin da yaro yake ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar, bai ƙware a sana'a ba, bai kuma riƙe takardar da wata ma'aikata za ta kalla ba. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci ilimin sakandare kyauta, amma ya rataya shi ga lokacin da hali ya yi, kuma yana cikin babi na biyu, wanda talaka ba ya iya kai gwamnati kotu a kansa. Wannan kundin dai shi ne ya shardanta wa mai neman kujerar gwamna ko shugaban ƙasa ilimi daidai da shaidar kammala sakandare. Ta yaya za a kafa sharaɗi, sannan a ƙi bai wa kowa hanyar cika shi?

A Zariya maganar ta fi ciwo. Nan ne Kwalejin Barewa take tun 1949, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa suka yi karatu, nan ne kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗalibai suna zuwa harabobinta na Samaru da Kongo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, amma ɗan gari da ya tsaya a aji uku ba zai ko zauna jarrabawar JAMB ba, sai dai ya ɗauko su a Keke Napep ya sauke a bakin ƙofa.

Na san gwamnoni sukan yi shelar ilimi kyauta, sai dai alkawarin gwamna yakan tafi tare da wa'adinsa. Abin da nake roƙo shi ne doka mai haƙora, wadda za ta kai wajabcin har aji uku na babbar sakandare, ta ɗauke wa iyaye kuɗin WAEC ko NECO, ta kuma tanadi malaman lissafi da kimiyya, domin ajin da babu malami a cikinsa ba zai sa baduku ya ɗauke 'yarsa daga gaban kasko ba.