Saƙon Tes da Manhajar Jerin Ayyuka: Wanne Ne Ke Hana Mutum Mantuwa?

Na daɗe ina amfani da hanyoyi biyu wajen riƙe abubuwan da ke wuyana, wato manhajar jerin ayyuka da ke cikin waya da kuma saƙon tes da nake tsarawa ya shigo mini a lokacin da na zaɓa. Ra'ayina shi ne masu ɗora su a sikeli ɗaya, suna neman wanda ya fi wani, ba su lura da cewa ba aiki ɗaya suke yi ba. Manhaja wurin ajiya ce da tsara tunani, amma saƙon tes ba ya ajiye komai, aikinsa kawai ya katse mutum a daidai lokacin da ya kamata ya motsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun bambanta tuna abin da ya wuce da tuna abin da aka yi niyyar yi nan gaba. Gilles Einstein da Mark McDaniel, waɗanda suka yi fice a wannan fage tun daga shekarar 1990, sun ƙara raba na biyun gida biyu: akwai niyyar da wani abu da ido zai gani ke tayar da ita, kamar mutum ya ga abokinsa ya tuna yana da saƙonsa, akwai kuma wadda ke rataye da agogo kawai, kamar shan magani da ƙarfe 9 na dare. Ta biyun ce ta fi kuɓucewa, domin babu abin da ke canzawa a ɗaki idan ƙarfe 9 ta yi. Raunin manhajar jerin ayyuka a nan yake. Duk kyawun tsarinta, sai mutum ya tuna ya buɗe ta kafin ta amfane shi, alhali mantuwa ce ta sa ya sauke ta tun farko. Jeri yana zaune ne a ɗaka yana jiran a shigo, saƙo kuwa baƙo ne da ke sallama a ƙofa.

Za a iya cewa ai manhajoji irin su Todoist, da ta fito a 2007, ko Reminders ta kamfanin Apple, da ta zo a 2011, su ma suna turo sanarwa a kan allo. Gaskiya ne, sai dai sanarwar tasu tana faɗawa cikin cunkoson sanarwar labarai da wasanni da tallace-tallace, kuma yatsa ya riga ya saba share su gaba ɗaya ba tare da ido ya karanta ba. Saƙon tes yana shiga wurin da mutane ke magana da juna, wurin da ake tsammanin jin ɗan'uwa ko likita ko banki, don haka har yanzu ana duba shi da wani irin kulawa. Ga shi kuma ba ya buƙatar data ko babbar waya, kuma idan waya na kashe, cibiyar sadarwa tana riƙe shi na wani lokaci har ta kunnu. Tun saƙon farko da injiniya Neil Papworth ya aika ta layin Vodafone a Ingila ranar 3 ga Disamba, 1992, tsarin bai sauya sosai ba. Iyakar saƙo guda harafi 160 ne, kuma tana sauka zuwa 70 idan aka sa rubutun Larabci ko wasu haruffa na musamman. Ni ina ganin wannan ƙuncin alheri ne, saboda yana tilasta wa mai rubutu ya faɗi abu ɗaya tak.

Hujjojin da ke goyon bayan tunatarwa ta tes suna da ƙarfi. Wani nazari da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta fitar a 2013, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa marasa lafiyar da aka tura wa saƙo sun fi zuwa ganin likita a ranar da aka ba su fiye da waɗanda ba a tunatar da su ba. A birnin New York na Amurka, binciken da mujallar Science ta buga a 2020 ya gano cewa saƙon tes ya rage yawan masu ƙin bayyana a kotu bayan sammaci da kusan kashi ɗaya cikin biyar, abin da ke nuna cewa da yawansu ba taurin kai suka yi ba, mantuwa ce kawai. A Kenya kuma, gwajin WelTel da mujallar Lancet ta buga a 2010 ya bi mutum 538 masu shan maganin ƙanjamau. Cikin waɗanda ake tura wa saƙo sau ɗaya a mako, kashi 62 cikin ɗari sun ce suna shan maganin yadda ya kamata, yayin da a rukunin da ba a tura wa saƙo ba aka samu kashi 50.

To amma akwai abin da masu tallata manhajojin tura wa kai saƙo ba sa yawan faɗa idan suna kawo waɗannan misalai. A dukkansu wani ne ya aiko saƙon, ba mai karɓarsa ba. A gwajin Kenya ma saƙon ba umarnin shan magani ba ne, tambaya ce ta yaya jiki, kuma ana sa ran amsa cikin sa'o'i 48. Wanda ya ce yana da matsala, ko ya yi shiru, sai ma'aikacin lafiya ya kira shi. Ke nan ba ƙarar waya kaɗai ce ta motsa mutanen ba, har da sanin cewa akwai wanda ya damu, wanda zai lura idan ba a amsa ba. Saƙon da na rubuta wa kaina ranar Lahadi ya shigo mini ranar Laraba ba shi da wannan nauyin. Na san ni na rubuta shi, na kuma san babu wanda zai tambaye ni idan na wuce shi. Yana maganin mantuwa, amma ba ya maganin kasala ko fargabar aiki mai wuya, kuma a ganina yawancin ayyukan da ke tsufa a jerin mutane ba mantawa aka yi da su ba, gudun su ake yi. Wanda ke ɗage rubuta wani dogon rahoto ya san da rahoton sarai, saƙo ashirin ba za su sa ya zauna ba.

Irin wannan aikin ne jeri ke da amfani a kansa. A cikin manhaja mutum yana iya ganin duk abin da ke kansa a kallo ɗaya, ya gutsuttsura babban aiki zuwa ƙananan matakai, ya gabatar da wani ya jinkirta wani, ya kuma soke abin da ya gane ba lallai ba ne. Tun 1927 masaniyar halayyar ɗan Adam Bluma Zeigarnik ta rubuta a Berlin cewa aikin da ba a kammala ba ya fi maƙalewa a zuciya, sannan a 2011 E. J. Masicampo da Roy Baumeister suka nuna cewa tsara takamaiman yadda za a yi aikin yana rage wannan damuwa ko da ba a fara shi ba. Saƙon tes ba ya ba da wannan natsuwa. Da zarar an karanta shi, sabbin saƙonni sai su binne shi, kuma idan ya iso lokacin da mutum ke tuƙi ko yake tsakiyar taro, ya wuce ke nan, babu wata alama da za ta rage cewa aikin na nan. Ba a kuma ɓoye abin da ke cikinsa yadda ake yi a manhajojin hira na zamani, kuma sau da yawa yana bayyana a kan allo ko da waya na kulle, don haka ban ga hikimar sanya sunan ciwo ko lambar asusu a ciki ba.

Dukkan hanyoyin biyu suna hannun kamfanoni, kuma kamfani yana iya canza ra'ayi. Microsoft ya sayi manhajar jerin ayyuka ta Wunderlist a 2015, ya rufe ta a watan Mayu na 2020, ya tura jama'a zuwa tasa manhajar mai suna To Do. Google Calendar ma ya daina tura tunatarwa ta tes gaba ɗaya a farkon 2019. Shi ya sa nake fifita manhajar da ke ba mutum damar kwashe bayanansa idan ya so.

Yadda nake yi yanzu shi ne komai yana fara shiga jeri, domin a can nake yanke shawara. Abin da ke zama saƙo kaɗan ne, kuma sai ya cika sharuɗɗa biyu: yana da ƙayyadadden lokaci, sannan kuɓucewarsa za ta jawo asara ko ta cutar da wani, kamar ganin likita, biyan bashi a ranarsa, ko kiran da na yi wa mutum alkawari. Ina ƙoƙarin kada irin waɗannan su yi yawa a rana, saboda idan suka yawaita yatsa zai koyi share su kamar sauran. Ina kuma rubuta su da aikatau, da wurin da abin yake, da lokacin yinsa, bisa abin da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999, cewa niyyar da aka ɗaure da wani yanayi takamaimai ta fi cika fiye da wadda aka bari a sake. Maimakon in rubuta “magani”, sai in rubuta “sha ƙwaya ɗaya yanzu, tana cikin aljihun jaka”, in kuma saita shi ya zo a sa'ar da na san jakar tana kusa da ni. Idan kuwa aikin irin wanda nake gudu ne, ba na tura wa kaina saƙo a kansa. Nakan gaya wa wani amini ranar da zan gama, in roƙe shi ya tambaye ni idan ranar ta zo.