Godiya ga duk wanda ya tsaya mini a jinyar muƙamuƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, bakina ya buɗe, na koma cin tuwo, na kuma koma aji wajen ɗalibaina. Da yawanku kun ji an yi mini aiki an cire haƙorin turmi na can ƙurya a ƙasa, wanda ya fito a kwance yana tokarar na gabansa. Aikin ya yi kyau. Abin da ya biyo baya ne ya ba ni wahala: muƙamuƙina ya ƙage, yatsa ɗaya ma da ƙyar yake shiga tsakanin haƙorana, buroshi kuwa ba ya wucewa ciki.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, tana ga likitan haƙorin da ya yi aikin. Da na koma masa hankali a tashe, ya zaunar da ni ya ce naman da ke motsa muƙamuƙi ne ya yi tsami, saboda daɗewar baki a buɗe lokacin aiki, da allurar kashe zafi, da kumburin da kan kai ƙololuwa a rana ta 2 ko ta 3. Ya ce bakin mai lafiya yana ɗaukar yatsu uku a jere, kusan santimita 4, kuma irin wannan ƙagewa takan saki cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan bayani kaɗai ya rage mini rabin ciwon. Likita, Allah ya ƙara basira.

Sai uwargidana. Ita ta riƙe umarnin likita fiye da ni. A ranar farko ƙanƙara take naɗewa a tsumma ta ɗora mini a kumatu, minti 20 a kai, minti 20 hutu. Bayan kwana biyu ta koma gashi: ta tsoma tawul a ruwan ɗumi, ta matse, ta gwada a bayan hannunta, sannan ta danna mini a gefen fuska. Idan naman ya ɗan saki, sai in buɗe baki a hankali, in tsaya inda na fara jin ja, in rufe, in karkata haɓa dama da hagu. Wasu masoya sun ce a sa cokali a ɓanɓare bakin lokaci guda. Na san ƙauna ce ta sa, amma don Allah kada kowa ya gwada, ƙara ɓata naman zai yi. Uwargidan ce kuma take haɗa mini ruwan gishiri mai ɗumi, tana tuna mini in kurkure a hankali ban da tofarwa da ƙarfi, kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fice.

Inna, na gode da kunun gyaɗa da faten dankalin da ba su yanke ba. Yaya, na gode da kai ni asibiti. Malaman da suka riƙe mini darussa, da maƙwabta, da waɗanda suka kira na kasa amsawa, ku yi haƙuri, duk na gani.

Wanda za a yi wa irin wannan aiki, idan ya ga zazzaɓi, ko ruwan ƙurji, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku, ko haɗiya ta gagara, ya koma asibiti nan take.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.