Faifai mai sheƙi, sauti mai tsatsa

Laraba, da dare.

Tun la'asar abu ɗaya ke cina a rai, kuma na san in ban rubuta shi ba barci ba zai zo ba.

Faifan jazz ɗin nan da aka daɗe ana jira ya iso da safe. Na kamfanin Blue Note na Amurka ne, mono (sauti mai hanya ɗaya, ba hagu da dama), kwalinsa lafiya lau in ban da ɗan farin da kusurwoyi suka yi. Kafin komai na karkata shi a hasken taga na duba filin nan da babu kiɗa, tsakanin tsagin ƙarshe da takardar tsakiya. Hatimin Van Gelder, injiniyan da ke ɗaukar musu sauti, yana nan. 'Yar alamar nan mai kama da kunne, ta kamfanin Plastylite da ke buga musu faifai, ita ma tana nan, kuma ita ke shaida maka bugun bai wuce wajen 1966 ba, lokacin da Liberty ta karɓi kamfanin aka sauya wurin bugu. Fuskarsa baƙa wul, tana ɗaukar ido, ba karce ko ɗaya da farce zai ji. Mai sayarwa ya rubuta VG+, wato faifai mai kyau sosai a ma'aunin masu sayarwa, idona kuma bai musa ba. Raina fari ƙal.

Na wanke shi kamar kullum: kashi huɗu na ruwan da aka tace ta tururi, kashi ɗaya na alkohol ɗin isopropyl, da ɗigo guda na sabulun ruwa marar turare don ruwan ya shiga tsagi maimakon ya taru a sama. Burushi mai laushi yana bin zagayen tsagi, ba a tsallaka shi. Ɗauraya da tataccen ruwa zalla, a jingine shi ya sha iska rabin awa, sai sabuwar riga ta ciki. Wannan haɗin na faifan roba ne kawai. Tsofaffin masu juyi 78 a minti da shellac, wani irin ƙaro, aka yi su, alkohol narkar da su yake yi.

Fiyano ya shigo garau. Bes ma haka. Ƙaho na ɗaga murya sai na ji wani ƙas-ƙas ya lulluɓe shi, kamar ana yaga takarda a bayan mai busa. Ya sassauta, ƙarar ta ɓace. Ya sake ɗagawa, ta dawo.

Yaya yana zaune yana gyara kwalayen rock ɗinsa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Datti ne. Sake wanke shi."

Na ce, "Yaya, datti bai san inda ƙaho yake ba."

"Kamar yaya?"

Na mayar da allura kan gurbin da ke tsakanin kiɗa na farko da na biyu. Shiru, sai ɗan shuu na roba. Na ce masa ƙura da maiƙo ba ruwansu da abin da ake kaɗawa: suna ƙara a wurin shiru, suna ƙara a wurin amo, hasali ma a wurin shiru aka fi jin su. Karce kuma yana da lokacinsa, tak ɗaya a kowane zagaye, wato kusan duk daƙiƙa biyu a juyi 33 da sulusi. Amma ƙarar da ke tashi tare da kiɗa ta kwanta tare da shi, wannan bangon tsagin ne ya ci. Wata allura ce ta bi ta kansa shekara da shekaru tana sassaƙe shi a daidai wuraren da tsagin ya fi lanƙwasa, kuma wuraren nan su ne na sauti mai ƙarfi da mai tsini.

Ya ce, "To ai ga shi yana sheƙi."

Nan ne abin yake. Sheƙin na saman faifai ne, allura kuwa ba a sama take tafiya ba. Na kashe fitilar ɗaki na haska tocila daga gefe, kusan a kwance. Sai ga shi: zobba-zobba masu launin toka a cikin baƙin, sun fi yawa kusa da tsakiya. Dalilin taruwarsu can ba ɓoyayye ba ne. A bakin faifai mai inci 12 tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da takarda kuwa bai fi 20 da 'yan kai ba. Kiɗan da ya samu fili a waje, a ciki matse shi aka yi cikin ƙasa da rabin wurin, lanƙwasar ta ƙara tsanani, allurar da ta dakushe ba ta iya bin ta sai dai ta yanke hanya.

Yaya bai sallama ba. Ya ce in danna maɓallin mono a amfilifaya. Wannan shawara ce mai kyau kuma na bi. A faifan mono kiɗan duk a motsin gefe da gefe yake, don haka in ka haɗe hagu da dama wuri guda, hayaniyar da ke zuwa daga motsin sama da ƙasa tana kashe kanta. Ƙarar ta ragu sosai. Ba ta tafi ba.

Sauran dabara ɗaya ce. Na'urorin wancan zamanin allurarsu mai kauri ce, mil 1 (kashi ɗaya cikin dubu na inci), tana taɓa bango daga sama-sama, ga nauyi. Allura mai siririn baki tana sauka ƙasa da inda aka cinye, wani lokaci ta tarar da bango mai lafiya. Wani lokaci kuma ɓarnar ta kai har can. Sai an gwada.

Da a nan aka tsaya da na haƙura, don laifin wani ne da ban sani ba, shekaru kusan sittin da suka wuce. Amma Yaya ya ce, yana mayar da wani faifai cikin kwali, "Kai taka allurar yaushe ka auna ta?"

Na ce lambar nauyi da ke bayan hannun da ke riƙe allurar tana kan 2.

"Ban tambaye ka lamba ba."

Na ɗauko ɗan sikelin. Gram 1.2. Na sake aunawa a daidai tudun faifai, don awo a sama ko ƙasa da haka yana ruɗi. Gram 1.2 dai. Kan allurar nan masu shi sun ce tsakanin 1.8 da 2.2. Watan jiya da aka sauya mariƙin kan da wanda ya fi shi sauƙi ba a sake daidaita hannun ba, zoben lambar kuma bai san an sauya komai ba. Shi zoben ba sikeli ba ne, abin da ka saita shi a kai yake maimaita maka.

Mutane da yawa suna ɗauka sauƙin allura tausayi ne ga faifai. Ba haka ba ne. Allurar da ba ta da isasshen nauyi ba ta zama daram a tsagi. In sauti ya yi ƙarfi sai ta rabu da bango ta dawo ta buge shi, sau dubbai a daƙiƙa, kuma lu'ulu'u ne ke bugun roba. Ƙarin kashi biyu cikin goma na gram a cikin iyakar da aka ba ka bai kai wannan ɓarna ba ko kusa.

Gyaran minti biyar ne. A mayar da maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki zuwa sifili. A juya ƙarfen baya har hannun ya tsaya a iska a miƙe, bai sama bai ƙasa. A riƙe ƙarfen, a juya zoben lamba shi kaɗai zuwa sifili. Sannan a juya su tare zuwa 2, a tabbatar da sikeli, a sa maɓallin zamewa a kan 2 shi ma. Na yi, sikeli ya nuna 2.0.

Abin da ya tsaya mini shi ne faifan da suka bi ta ƙarƙashin allurar nan cikin makonni biyar. Yawancinsu na post-punk ne, wani salon kiɗan rock, bugun ƙananan kamfanonin Ingila irin su Factory da Rough Trade, na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Akwai masu inci 12 da ke juyi 45, waɗanda aka yanka da ƙarfi, bes a gaba, jita kamar reza, biyu daga ciki da rubutun hannun George Peckham, injiniyan da ya yanka su, a filin tsakiya. Irin waɗannan su suka fi wahalar da allura. Kuma na tuna makon jiya na ji harafin "s" yana tsartuwa a bakin mawaƙi a ƙarshen wani gefe, na ce halin bugun ne. Ba halin bugun ba ne.

Ga kuma shekarun allurar kanta. Faifai biyu a dare minti 80 ne, a shekara ya tasam ma awa 500. Allurar lu'ulu'u tsakanin awa 500 da 1000 ake ba ta. Wannan ta shiga shekara ta biyu.

Kawu ya kira kan maganar kantar ajiye faifai. Na ce a tsaye za a jera su, kar a kwantar, kar a matse, kuma a yi nesa da taga. Rigunan PVC masu kaurin nan a cire su duka, suna sa wa faifai hazo da ba ya wankuwa.

Abincin dare ya huce a inda aka ajiye shi.

Na ware faifai goma sha ɗaya da na tabbata an kaɗa tun sauyin mariƙin nan, na jingine su daban. Wanda aka kaɗa sau ɗaya ko biyu mai yiwuwa ya tsira. Uku daga ciki kusan kullum suke kan na'ura. Yaya ya ce in sa ɗaya yanzu mu ji, tunda an gyara nauyi. Na ce a'a, sai sabuwar allura ta zo. Na rufe murfin, tocilar tana kan tebur, ban haska ko ɗaya daga cikin ukun ba tukuna.