Hannun da ya yanka gilashin

Shagona a bayan gida yake a Kaduna, ɗaki biyu da rumfa. Gilashi mai launi muke haɗawa: tagogin falo, ƙofofin kabad, fitilun tebur, wani lokaci kuma tagar masallaci mai zanen dagi idan Allah ya kawo aikin. Mu biyar ne, huɗu mata, sai ƙanena da ke kafa taga idan mun gama. Gilashin daga Legas muke sayo shi, kuma duk ranar da dala ta motsa sai mun ji a jikinmu.

Aikin yana farawa ne a takarda. Na zana hoton da girmansa, na sa wa kowane yanki lamba, sannan a yanyanka takardar. Daga nan sai zaɓen gilashi, wanda a wurina shi ne zuciyar sana'ar. Faifai ɗaya na kore ba launi ɗaya ba ne: wani gefen ya yi duhu, wani ya yi fayau, wani kuma yana da jijiya kamar ta ganye. Sai ka ɗaga shi a rana ka juya, ka juya, kafin ka ga inda ganyenka yake kwance. Idan an samu, a ja layi da dayamon sau ɗaya tak, ba a maimaitawa, a karya da filaya, a goge bakin. Kowane yanki a naɗe gefensa da siririn jan ƙarfe mai gam, a danne da ɗan itace har ya kwanta lif, sannan a jera a bi da narkakkiyar darma. Yatsun da ba su taɓa yankewa ba, ba su taɓa yin wannan aikin ba.

Kwanaki wani Alhaji ya zo karɓar tagarsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya yaba ƙwarai, sai ya juya wajen ƙanena ya ce, "Malam, Allah ya yi wa hannunka albarka." Yarinyar da ta yi sati uku a kan tagar tana tsaye a gefe da plasta a yatsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga mai aikin nan." Ya yi mamaki, ya kuma sa mata albarka, ban ga laifinsa ba. Amma abin ya tsaya min a rai, don na san wannan ba sabon abu ba ne a sana'armu.

Wannan hanya ta naɗe gilashi da jan ƙarfe da kamfanin Tiffany na birnin New York a Amurka aka fi saninta. Fitilunsa sun yi suna a duniya, kuma shekara da shekaru kowa na ɗauka mai kamfanin, Louis Comfort Tiffany, shi ya zana su. Ashe da yawa daga cikin waɗanda suka fi shahara aikin wata mata ce, Clara Driscoll, 'yar jihar Ohio, wadda aka haifa a 1861. A 1892 maza masu yankan gilashi suka shiga yajin aiki, kamfanin ya buɗe sashen mata, ita ce kuma ta shugabance shi. Ita ta zana fitilar mazari, ƙwaron nan mai shawagi a bakin tafki, wadda ta ci lambar yabo a baje-kolin duniya na Faris a 1900. Ita ce da fitilar furen Wisteria, mai ɗauke da yankin gilashi kusan 2,000. Ni da nake gumi a kan fitila mai yanki ɗari biyu, na san abin da wannan adadi yake nufi: kowane ɗaya sai an zaɓa, an yanka, an naɗe da hannu.

Abu biyu ne suka fi taɓa ni a labarinta. Na farko, dokar kamfanin ba ta yarda matar aure ta yi aiki ba. Clara ta bar aiki da ta yi aure, ta dawo bayan rasuwar mijinta a 1892, sannan ta tafi gaba ɗaya a 1909 da ta sake aure. Haka sashen ya riƙa rasa ƙwararrun hannu, a koya wa yarinya shekaru, ranar da aka sa mata rana shi ke nan. A 1903 ma ƙungiyar maza ta taso wa sashen, aka sasanta a kan kada matan su wuce 27. Na biyu, ta rasu a 1944 ba tare da duniya ta san ita ce ba. Wasiƙun da take aika wa mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata ne suka tona asirin, har aka shirya baje-kolin aikinta a New York a 2007, shekara 63 bayan rasuwarta. Da 'yan'uwan nan ba su adana takardun ba, da har yau sunan wani ake kira.

A wasu wuraren matan ba su jira a ba su gurbi ba. A Landan, Mary Lowndes ta haɗa gwiwa da Alfred Drury suka kafa nasu kamfanin a 1897, daga baya suka gina gidan aiki a unguwar Fulham inda mai zane zai kama ɗaki ya yi tagarsa da kansa. A Dublin ta ƙasar Ireland kuwa, Sarah Purser ta buɗe An Túr Gloine a 1903, ma'anarsa hasumiyar gilashi. Tsarinsu shi ya fi burge ni: mai zane ɗaya ke bin taga daga takarda har ƙarshe, maimakon wannan ya zana, wancan ya yi fenti, a rasa na wa. A can Wilhelmina Geddes ta yi tagar tunawa da mamatan yaƙi da ke cocin St Bartholomew a Ottawa ta Kanada a 1919. Evie Hone, wadda shan-inna ta kama tun tana yarinya, ita ma ta yi aiki a gidan, kuma ita ta yi babbar tagar gabas ta cocin makarantar Eton a Ingila, aka gama a 1952, a madadin wadda bam ya farfasa lokacin yaƙin duniya na biyu. Waɗannan an san sunayensu tun suna raye.

Tsarin Dublin na ɗauko gwargwadon ƙarfina. Duk wadda ta karɓi taga, ita za ta zaɓi gilashinta ta kai ta ƙarshe, ni dai in duba in gyara. Akwai littafi a shagon da muke rubuta kowane aiki da ranar gamawa da sunan wadda ta yi. A kusurwar ƙasa ta hagu kuma tana karce harafin farko na sunanta a jikin darmar. Yana cin lokaci, don ba kowa ke da sauri a kowane mataki ba, kuma mun taɓa asarar faifai guda na jan gilashi, wanda ya fi kowane launi tsada, a hannun mai koyo. Na shanye, muka ci gaba.

Yarinyar nan mai tagar Alhaji an ɗaura mata aure bayan Sallah. Kafin biki ta same ni a rumfa ta ce, "Anti, shi ke nan na bar aiki?" Na ce mata a'a, sai dai idan ita ta so. Mun yi magana da mijin, ya amince. Yanzu safiya uku a mako take zuwa yanka, sauran ranakun kuma ƙanena ya kai mata yankakken gilashi a kwando, kowane yanki da lambarsa a nannaɗe cikin tsohuwar jarida, ta naɗe jan ƙarfen a ɗakinta. Na jiya yanki 140 ne, na wata fitila mai furen zoɓo, kuma ta aiko cewa jajaye biyu ba su yi mata ba, a sake zaɓo wasu masu duhu.