Garin Kunun da Alkama ba ta Taɓa Ba

Shekara tara ke nan ina sarrafa garin kunun yara a gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram, kuma tun ranar da na fara, ko ƙwayar alkama ɗaya ba ta ƙetare ƙofar ɗakin aikina ba. Hatsi da dawa da shinkafa da waken suya da gyaɗa su ne kayan aikinmu, ni da mata huɗu da ke taya ni.

Rashin lafiyar 'yar autata ce ta jefa ni cikin wannan sana'a. Bayan yaye, da ta fara cin burodi da shayi da safe, da taliya da fanke kamar sauran 'yan'uwanta, sai ta kama amai mai tsami, tana yawan gyatsa, da dare kuma ta farka tana kuka tana dafe ƙirji. Cikinta ya kumbura, ƙafafunta suka tsamure. Mun ce haƙori ne, mun ce shawara ce, an ba ta maganin ƙwarnafi ya lafa na 'yan kwanaki ya dawo. Sai da muka dangana da Yamai aka gwada jininta, sannan likita ya shaida mana cewa jikinta ba ya karɓar gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, wanda shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ya ce sunan cutar siliyak, kuma a jikin mai ita garkuwar jiki ce ke far wa bangon ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin ya shiga, har hanjin ya kasa tsotsar amfanin abinci. Abinci yakan daɗe a ciki, iska ta taru, ruwan tsamin ciki ya riƙa tasowa zuwa maƙogwaro, shi ya sa maganin ƙwarnafi kaɗai bai raba ta da ciwon ba. Da muka janye alkama gaba ɗaya, cikin 'yan watanni yarinya ta koma barci har asuba.

Aikin hatsi kuwa a hannun kakata na koye shi, a wani ƙauye kusa da Mirya, tun ban kai tsawon taɓarya ba. Ita ta nuna mini yadda ake yayyafa wa tsaba ruwa kaɗan kafin surfe domin dusa ta saki ba tare da ƙwayar ta farfashe ba, da yadda ake karkata faifai wajen bakace, da yadda ake rege a ƙwarya a hankali har yashi ya kwanta a gindi. Idan ta tauna gari ta ji ƙasa a haƙorinta, sai ta ce, "Jikata, koma ki sake," ba ta ƙara ko kalma ɗaya. Har yau haka nake yi wa ma'aikatana. Waken suya muna jiƙa shi, mu cire ɓawon, mu shanya, sannan mu soya a wuta marar ƙarfi har ƙarnin ya fita ya koma ƙamshi. Gyaɗa kuwa da hannu ake tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta nuna alamar ruma a zubar, domin gubar da ke cikin irinta ba ta mutuwa da suya. Tankaɗe sau biyu ne, na biyun da rariya mai laushi. Ba na sa barkono, ba na sa tsamiya, saboda yaji da tsami suna tayar wa yara da yawa ƙwarnafi.

Babbar damuwata ita ce injin niƙa. A shekarar farko na kai hatsina wurin wani mai inji, na roƙe shi ya wanke kafin ya zuba, ya amsa da to. Bayan kwana biyu yarinyata ta koma amai. Da na je na tambaye shi, sai ya ce, "Hajiya, ai gari gari ne, ɗan ɓarzon alkamar alkaki kawai na yi kafin naki." Na ce masa, "Malam, wannan ɗan abin shi ne ciwon 'yata." Ƙa'idar duniya ita ce abincin da za a kira marar gulutin kada gulutin da ke cikinsa ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya, wanda ke nufin ƙaramin cokali ɗaya na fulawa ya isa ya ɓata tiya guda ta gari. Daga nan na daure na sayi injina na kaina, wanda bai san alkama ba. Buhu ma sabo nake kai wa masu kawo mini hatsi, domin da yawansu a tsohon buhun fulawa suke ɗurawa, kuma idan na mayar da kayan sai su ce na cika fi'ili.

Yanzu ga masu kwaikwayo sun cika gari. Suna ƙulla gari a leda irin tawa, su ƙara fulawa ko dakakken biskit domin kunun ya yi kauri da santsi, su karya kuɗin. Sai uwa ta zo ta ce in rage mata tunda ta ga mai araha a kasuwa, ni kuwa na san abin da ke cikin mai arahar.

Wasu na ce mini wannan cutar Turawa ce, amma an ƙiyasta tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma binciken da aka yi a kan yaran Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, ya gano fiye da 5 cikin 100. Duk da haka ba na ce wa kowace uwa alkama ce ke damun ɗanta. Tumbuɗin jariri mai wata uku ko huɗu ba ruwansa da gulutin. Ƙofar cikinsa ce ba ta yi ƙwari ba, kuma yawanci yana dainawa da kansa wajen shekara ɗaya. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai yake buƙata, ba na sayar wa uwarsa gari. Wadda kuma ɗanta ke amai yana ramewa bayan ya fara cin burodi, ina ce mata ta kai shi likita tun yana cin alkamar, domin idan aka janye ta kafin gwaji, jinin na iya nuna ba komai alhali cutar na nan.

Kowace Alhamis da sassafe ina Kasuwar Dole da sababbin buhunana, ina damtsar hatsi ina dubawa a tafin hannu kafin in bari a auna mini ko tiya ɗaya.