Ƙarar da na kashe da hannuna

Da Yaya ya ce in mayar masa da hoton daren Talata, ko ɗar ban ji ba. Katan 14 na madarar gwangwani sun yi ɓatan dabo a sitonmu na kasuwar Singa, ba a fasa ƙofa ba, kwaɗo yana nan a rufe yadda muka bar shi. Sati uku ke nan da na kafa kyamarori huɗu da hannuna, ɗayarsu ƙofar nan take kallo. Na ja kujera, na shiga wajen duba hoton baya, na zaɓi ranar. Wayam. Na koma Litinin, haka. Na koma Lahadi, haka. Duk kalandar babu rana ɗaya da aka ajiye ko da na daƙiƙa guda.

Yaya yana tsaye a bayana, ya dafa kujera. Ya ce, "To, ina hoton?" Har yau ban manta yadda bakina ya bushe ba.

Ni na dage cewa ba sai mun kira mai haɗawa ba. Na sayo NVR, na'urar da ke karɓar hoton kyamarori ta ajiye shi, ta kamfanin Hikvision, mai ramuka huɗu na PoE, wato wadda waya ɗaya ke kai wa kyamara wuta ta kuma dawo da hoto, da kyamarori uku masu megafiksel 4, da faifan ajiya mai terabayit 2, da kwalin wayar Cat6. Jan waya da matse kawuna ba su ba ni wahala ba, mafi nisa ma ba ta kai mita 40 ba, iyakar wayar kuwa mita 100 ce. Ukun nan ina sokawa suka fito a allo da kansu.

Ta huɗun ce ta cinye min kwana biyu. Ta wani kamfanin ce daban, Dahua, tsohuwa, daga gidan Yaya aka ciro ta. Na soka, fitilar ramin ta kama, amma allo baƙi ƙirin. Ashe ita tana zaune a kan adireshinta na asali, 192.168.1.108, su kuwa ramukan NVR ɗin suna da nasu layin na ciki da ke farawa da 192.168.254. Suna manne da waya ɗaya amma ba sa jin juna. Sai da na cire ta, na haɗa da kwamfuta, na canja mata adireshi zuwa layin NVR, sannan na dawo na ƙara ta da hannu, na zaɓi ONVIF, yarjejeniyar da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su yi magana, na saka sunan shiga da kalmar sirrinta. Da hoton ya bayyana wajen ƙarfe goma na dare, ji na yi kamar na sauke buhun siminti daga ka. A raina aiki ya ƙare.

Ina ganin wahalar kyamarar nan ce ta rufe min ido. Na ɗauka tunda na ci babban yaƙin, sauran duk ƙananan abubuwa ne.

Tun lokacin da na fara kunna na'urar take wata ƙara, ƙit ƙit ƙit, ta ɗan yi shiru, ta sake. Da farko na ce saboda kyamara ta huɗu ba ta hau ba ne. Ta hau, ƙarar ba ta daina ba. Na ce to ko don ban haɗa ta da intanet ba, na jona ta da rauta, tana nan. Maƙwabcin shagonmu har ya leƙo ya ce, "Malam, wannan abin naka ba zai bar mutane su yi lissafi ba?" Sai na shiga saiti, na lalubo shafin gargaɗi, na tarar da jerin abubuwan da ke sa ta kuka: cikar faifai, matsalar faifai, yankewar intanet, karon adireshi, shiga da kalmar sirri ba daidai ba. Ban tsaya na duba wanne ne ya tayar da ita ba. Na cire alamar ƙara daga dukansu. Ta yi tsit, na ji daɗi.

Abin da take ta faɗa min kuwa shi ne faifan ajiyar ba ya aiki. Sabon faifai, ko ka ɗaure shi da kyau ka soka wayoyinsa biyu, na'urar ba za ta rubuta komai a kansa ba sai ka shiga shafin ajiya ka yi masa fomat ta cikinta. A matakan da take bin ka da su ranar kunnawar farko akwai wannan, ni kuwa ina gama saka kalmar sirri na tsallake sauran, ina ɗokin ganin hoto. Ranar da muka gane, na buɗe shafin, ga faifan an rubuta a gabansa cewa ba a shirya shi ba, sarari kuma sifili. Na zaɓe shi, na danna, bai ɗauki minti biyu ba ya gama. Minti biyu. Na daɗe ina kallon allon nan.

Abin da ya ƙara yaudarar mu shi ne wayar hannu. Na saka wa Yaya manhajar Hik-Connect, muka ɗauki lambar QR da ke jikin na'urar, hoto ya fito tas. Yakan zauna a gida bayan isha'i yana kallon sito, har yana nuna wa abokansa. Hoton kai tsaye ba ruwansa da faifai, daga kyamara yake wucewa zuwa ido. Kana iya shekara kana kallonsa alhali babu abin da ake ajiyewa. Akwai 'yar alama a kusurwar kowane hoto da ke nuna ana ɗauka, akwai kuma fitilar faifai a gaban na'urar da ke ƙiftawa idan tana rubutu. Sati uku ina wucewa ta gabansu, ban san ya kamata in nemi ko ɗaya ba.

Bayan haka, ihu bayan hari, na zauna na bi saitin nan shafi-shafi, sai ga wata. Agogon na'urar yana kan lokacin Beijin, ya wuce namu da awa 7. Da ma faifan yana aiki, da na nemi ƙarfe biyun dare a inda ba shi ba. Na mayar da shi GMT+1, na kunna NTP don ya riƙa daidaita kansa ta intanet. Hoton da kwanan wata da lokacinsa suka karkace, ko gaban hukuma ka kai shi sai an ja da kai.

Sai lissafin sarari, wanda shi ma ban taɓa yi ba. Kyamara ɗaya a megabit 4 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabayit 43 a rana, huɗu kuma sun haura 170. Terabayit 2 ke nan bai kai kwana 12 ba zai cika, ya fara goge na baya. Mu kuwa sai ƙarshen wata muke ƙirga kaya sosai, ka ga ana iya ɗauke abu a farkon wata, kafin mu farga hoton ya tafi. Na mayar da kyamarorin kan H.265, tsarin da ke matse hoto ya rage cin sarari, na rage gudun zuwa megabit 2, ya kai wajen sati uku. Wasu sun ce in sa ta ɗauka sai in ta ga motsi kawai. Na gwada a kyamarar waje, ƙwari da ke taruwa a fitilarta ta dare da ƙurar hunturu suka sa ta ɗauka kusan ba tsayawa. Ta ƙofa dai ban yarda ba, dare da rana take ɗauka. Na kuma ɗora NVR da rauta a kan inbata, domin duk wanda ya san sito ya san lokacin da ake ɗauke wuta.

Ƙarar kuwa na mayar da ita gaba ɗaya. Idan taka tana kuka, don Allah kada ka nemi inda ake kashe ta, nemi abin da ya sa ta. Kuma kada ka sauko daga tsani ka ce ka gama sai ka wuce ta gaban kowace kyamara, ka ɗaga hannu, ka dawo ka nemo kanka a hoton baya, ka ga lokacin ya yi daidai da agogon hannunka, ka fitar da guntun a filashi ka buɗe shi a kwamfuta. Washegari ma ka sake dubawa. Ni yanzu kowace safiya kafin in buɗe littafin ciniki sai na duba ƙarfe ukun dare.

Kuɗin madara Yaya bai sake tayar da maganarsa ba, ya ce ƙaddara ce. Abin da ke ci na daban ne. Mutum uku ke riƙe da makullin siton: ni, da Yaya, da yaron da ya yi shekara shida yana mana aiki. Ya rantse bai san komai ba. Babu wanda ya ce masa ɓarawo, amma bayan kwana biyu Yaya ya karɓi makullin hannunsa, ya ce za a canja kwaɗo, ba a kuma ba shi sabon ba. Ya ci gaba da zuwa, yana ɗaukar kaya, ba ya haɗa ido da kowa. Bayan ƙaramar salla ya ce zai koma garinsu noma.

In shi ne, da hoton ya nuna. In ba shi ba ne, da hoton ya wanke shi a gaban kowa, kuma wannan ne ya fi tsaya min a rai. Kyamarar tana kallon ƙofar a daren nan, fitilarta a kunne, ta ga wanda ya shiga da wanda ya fita. Na kira lambarsa sau biyu tun tafiyarsa, muka gaisa, ya tambaye ni kasuwa, na tambaye shi damina, na kasa faɗa masa maganar faifan.